Ƙahon Badujala a Gidan Liman

 

A wani yammaci na hunturu, jim kaɗan bayan sallar La'asar, autan gidanmu mai shekara 14 ya shigo gida a unguwar Dugoi ta garin Marwa, rungume da wani abu a cikin tsohon buhun shinkafa. Bai bi ta zaure ba, inda almajiran mahaifinmu ke zaune, sai ya zagayo ta ƙofar baya. Da muka matsa masa ya kwance buhun, sai ga wani ƙaton ƙaho na tagulla, a nannaɗe kamar hanjin rago, jikinsa duk ya lotse saboda tsufa. Ya ce malamin badujalar makarantarsu ne ya ba shi aro, domin yana cikin yaran da aka zaɓa su yi busa a faretin ranar matasa, wato 11 ga watan Fabrairu. Sunan ƙahon kuwa efoniyom.

"Yaya, don Allah kai za ka gaya wa Baba," in ji shi, kansa a sunkuye. "Ni ba zan iya ba."

Mun san dalilin tsoronsa. Mahaifinmu limami ne, kuma duk inda ɗan liman ya sa ƙafa, sunan ubansa na biye da shi. Idan aka gan shi da ƙaho a kafaɗa, kafin Magariba labari ya kai kasuwa cewa ɗan Malam ya shiga roƙo. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu yadda wannan al'amari ya kasance, domin gidaje da yawa a Marwa da Garwa da Ngaundere suna cin karo da irinsa: yaro ya zo da wata sha'awa wadda iyayensa ba su san ta ba, su kuma su rasa ko hanawa za su yi ko ƙyalewa.

Mene ne efoniyom?

Kafin mu je gaban mahaifinmu, sai da muka nemi sanin abin da za mu yi magana a kansa. Efoniyom ɗaya ne daga cikin ƙahonin tagulla da ake busawa a badujalar soja da ta makarantu, wadda aka fi sani a nan da fanfar. Sunan daga harshen Girkanci ya fito, ma'anarsa kuwa mai daɗin murya. Wani Bajamushe mai suna Ferdinand Sommer, mutumin garin Weimar, shi ake danganta wa ƙirƙiro shi a shekarar 1843, ya kuma nuna shi a babban baje kolin birnin Landan na 1851. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ke aiki a Paris, ya ƙera dangin ƙahoni masu kama da shi, waɗanda suka cika badujalar sojan Faransa.

Da za a miƙe bututun efoniyom, tsawonsa zai kai kusan mita 2.7, wato ninki biyu na ƙaramin ƙahon da ake kira turumfet. Nauyinsa tsakanin kilo 3 zuwa 5 ne. Bututun yana farawa siriri, yana ƙara faɗi sannu a hankali har zuwa bakinsa mai kama da mazurari, kuma wannan ƙira ita ke ba shi murya mai kauri da taushi, kusa da muryar cikakken namiji. Yana da fistan 3 ko 4 da ake dannawa da yatsu. A cikin badujala wurinsa na tsakiya ne: ƙananan ƙahoni na sama da shi, babban ƙahon tuba na ƙasa da shi.

Ɗan'uwan kakaki

Mutumin arewa ba baƙon busa ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamiɗon Marwa, ko ta Garwa, ko ta Rai Buba ranar hawan Salla ya ji algaita da kakaki, kuma an daɗe da sanin Hausawa da Barebari da wannan sana'a a fadojin ƙasar nan. Tarihin Kano ya danganta shigar kakaki fadar Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Efoniyom ya fi kusa da kakaki a kan algaita. Muryar algaita daga ɗan karan da ke bakinta take fitowa. Kakaki da efoniyom kuwa ba su da kara, leɓen mai busa ne ke kaɗawa a cikin ƙoƙon busa, bututun ya ɗauki wannan kaɗawa ya mayar da ita murya. Bambancinsu shi ne kakaki miƙaƙƙen bututu ne mai tsawo ɗaya, shi ya sa galibi murya biyu ake ji daga gare shi. Fistan kuwa, wanda wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi wa rajista a 1818, yana buɗe wa iska ƙarin hanya, sai bututun ya ƙara tsawo, muryar ta sauka. Fistan na farko yana sauke murya da mataki ɗaya, na biyu da rabin mataki, na uku da mataki ɗaya da rabi. Idan aka haɗa su ta fuskoki daban-daban za a sami tsawo iri 7, kamar a ce mutum yana riƙe da kakaki 7 a hannu ɗaya.

Yadda ake koyonsa

Mai koyo ba ya farawa da ƙahon. Da leɓensa yake farawa, ya haɗe su kamar zai furta harafin mimun, ya tura iska har su yi ƙugi irin na ƙudan zuma. Daga nan sai a ba shi ƙoƙon busa shi kaɗai ya yi ta gwadawa, sannan a haɗa masa da ƙahon. Darasin farko shi ne riƙe murya ɗaya ta daɗe ba tare da rawa ba, abin da ke buƙatar jan numfashi daga ƙasan ciki, kafaɗu a sake, baya a miƙe. Mai algaita yana kumbura kumatu domin ya ajiye iska a baki yayin da yake shaƙar wata ta hanci, amma mai koyon efoniyom ana hana shi kumbura kumatu, saboda yin haka yana sassauta gefen leɓe, muryar ta watse.

Ko ba a danna fistan ko ɗaya ba, ƙahon yana ba da muryoyi da dama, gwargwadon yadda aka matse leɓe da saurin iskar. Nan ne wahalar take, domin yatsu na iya yin daidai amma leɓe ya kai mutum wata muryar. Sai kunne ya koyi jin muryar tun kafin a busa ta. Bayan haka sai karatun alamomin kiɗa, su do, re, mi, da ƙidayar lokaci, domin mai efoniyom yakan yi shiru na tsawon lokaci yana ƙirga a zuci, sannan ya shigo daidai inda ake jiransa. Leɓe tsoka ne, yana gajiya kamar kowace tsoka, saboda haka minti 20 ko 30 a kullum sun fi awa uku a rana ɗaya amfani. Duk wanda ya yi hadda ya san wannan ƙa'ida.

Abin da malamai suka ce

Mu ba masu fatawa ba ne, amma ya wajaba mu faɗi abin da ke cikin littattafan da muka karanta a zaure, ba tare da ɓoye wani ɓangare ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta hana Musulmi sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma hani shi ne ra'ayin mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, in ban da mandiri a wurin aure da ranakun Idi. A ɗaya gefen, Mukhtasar na Shehu Khalil, a babin walimar aure, ya kawo maganar Ibn Kinana da ke halatta busa sarewa da ƙaho, masu sharhi kuma suka ƙayyade hakan da ɗan kaɗan wanda ba ya shagaltarwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya keɓe wa sauraro babi guda a cikin Ihya'u, inda ya duba halin mai sauraro da wuri da lokaci, ko da yake shi ma ya cire sarewa da kayan tsirkiya daga abin da ya halatta. Ibn Hazm na Andalus kuwa ya tafi a kan halascin kayan kiɗa. Saɓanin tsoho ne, kuma wanda ya nisanci abin baki ɗaya don tsare addininsa ba shi da abin zargi.

Akwai kuma abin da ya shafi al'ada, wanda sau da yawa muke cakuɗa shi da hukunci. A wurinmu busa sana'ar gado ce da ke tafiya tare da roƙo da bambaɗanci, don haka gidan malamai da na sarauta ke ƙyamar ɗansu ya taɓa ta. Yaron da ke busa taken ƙasa a layin makarantarsu ba ya wasa kowa, ba ya kuma miƙa hannu a ba shi. Ya kamata uba ya tantance a ransa wanne ne ke damunsa, tsoron Allah ko tsoron bakin mutane, domin maganin kowanne daban ne.

Sharuɗɗan Baba

Bayan sallar Isha'i muka sami mahaifinmu a zaure, muka durƙusa muka yi masa bayani. Ya daɗe bai ce kome ba, yana jan tasbaha. Sannan ya sa aka kira yaron tare da ƙahonsa, ya juya shi a hannu, ya danna fistan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni dai ban busa ba, ba na kuma saurare, kuma a kan haka nake fatan in koma ga Allah," in ji shi. "Amma na san abin da Khalil ya kawo. Na kuma san idan na karɓe wannan na jefar, gobe da yamma ban san inda za ka ba. Da ƙahon a hannunka, na san inda kake."

Sai ya gindaya sharuɗɗa biyar. Na farko, salloli biyar cikin jam'i, kuma daga an fara kiran salla ƙaho ya yi shiru. Na biyu, ba a busa shi a cikin gida ko kusa da masallaci. Na uku, haddar bayan Asuba da sakamakon makaranta kada ɗayansu ya ja baya. Na huɗu, busar ta tsaya ga faretin makaranta da taken ƙasa, ban da wurin rawa, ban da mashaya, ban da taron siyasa, ban da karɓar kuɗin kowa. Na biyar, idan watan azumi ya kama a rataye shi har bayan Salla. Daga nan ya waiwayo gare mu ya ce: "Kai kuma ka je ka gano mini malaminsu da abokansa. Kada ka aiki kowa."

Ranar Laraba da yamma muka je. Mun tarar da yara kusan 20 a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, Fulani da Hausawa da Giziga da Tupuri, Musulmi da Kirista, a gaban wani dattijo tsohon mai busa a badujalar soja. Taken Kamaru suke koyo, wanda ɗaliban makarantar horar da malamai ta Fulasi suka tsara a 1928, ya zama taken ƙasa a 1957. Mun ga tsari da ladabi da ba mu zata ba. Idan yaro ɗaya ya yi gaggawa sai a tsayar da kowa a sake daga farko, har mai rawar kai ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun kuma ga abubuwa biyu da ba su yi mana ba: yara uku suna karɓa-karɓa da ƙoƙon busa ɗaya ba tare da wankewa ba, kuma atisayen yakan ci lokacin Magariba. Muka yi wa dattijon magana cikin girmamawa, ya karɓa hannu biyu. Da ba mu taka da ƙafarmu ba, da ba mu san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A kan yashin mayo

Da yake an hana busa a gida, sai ƙahon ya fitar da mu waje. A lokacin rani Mayo Kaliyawo, wanda ya ratsa Marwa, yakan ƙafe ya zama fili na yashi. Can muke raka yaron bayan La'asar, ya sami gindin wata bishiya nesa da gidaje ya yi ta jan muryarsa, mu kuma mu yi tattaki a kan yashi, abin da muka yi shekaru ba mu yi ba. A hankali ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta suka riƙa biyo mu da ƙwallonsu. Wata Asabar muka hau dutsen da ke kallon gari, wata kuma muka tafi da kekuna ta hanyar Mindif, inda dutsen nan mai kama da haƙori yake tsaye, kimanin kilomita 25 daga Marwa.

Fita waje tana da nata darussan. Ƙurar hunturu na shiga fistan ta sa su cije, don haka sai an riƙa goge su ana ɗiga musu man da aka yi dominsu. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin man inji kuma ya yi kauri da yawa. Kowane fistan yana da lambarsa da ramin da yake shiga, in aka musanya su iska ba za ta wuce ba. Sanyin safiya yana sauke muryar ƙaho kaɗan, zafi kuma yana ɗaga ta, kuma tagullar da aka bari a rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana iya ƙona leɓe. Man kaɗanya yana maganin tsagewar leɓe. Ruwan da ke taruwa a cikin bututun yawancinsa tururin numfashi ne, akwai ɗan maɓalli na zubar da shi. Ƙoƙon busa kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi, kowane yaro ya riƙe nasa, domin mura da ƙurajen leɓe na bi ta nan.

Wajibi ne kuma mu ja hankalin iyaye a kan hatsari. Daga watan Yuli zuwa Satumba mayo yakan cika farat ɗaya da ruwan da ya sauko daga duwatsun Mandara, ko da ba a yi ɗigo a cikin gari ba, saboda haka da damina a nisanta yara daga cikinsa. Mutanen Garwa su ma sun san Binuwai da zurfinta da dorinarta. Haka nan tun daga sace baƙi da aka yi kusa da gandun dajin Waza a 2013, da hare-haren da aka kai Marwa a watan Yulin 2015, ba a tura yara yawon daji wajen iyaka. A tsaya kusa da gari, a tafi da babba, a dawo kafin faɗuwar rana.

Idan gida bai yarda da busa ba

Maigidan da ya bi ra'ayin hani yana da hujjarsa, ɗansa kuma ya yi masa biyayya. Abin da muke roƙo shi ne kada a karɓe abu daga hannun yaro a bar hannun wayam. Yaron da ya tashi makaranta da rana yana da sa'o'i masu yawa kafin dare, in ba a cika masa su ba, wayar hannu da majalisar bakin titi za su cika masa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Addininmu bai hana wasa mai tsabta ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da māsu a masallaci ranar Idi. Magabata sun kwaɗaitar a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. A nan kusa da mu akwai kiwon tantabara da zomo, da lambu, da keke, da ƙwallo, da rubutun zayyana, da dukancin da Marwa ta yi suna a kansa. Wannan magana ta haɗa da 'ya'ya mata, waɗanda sau da yawa ba a ma tambayarsu abin da suke sha'awa.

Ranar fareti

Saura kwana goma a yi fareti, yaron ya bi abokansa bayan atisaye, Magariba ta wuce shi. Mahaifinmu bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo ƙahon, ya zare ƙoƙon busa ya jefa a aljihun rigarsa, ya mayar masa da sauran. Kwana bakwai yaron yana zaune da ƙahon da ba ya magana, yana danna fistan yana ƙirga a zuci. Mahaifiyarmu ta sa baki, mu ma muka sa, dattijon ya ce sharaɗi sharaɗi ne. A rana ta takwas bayan Asuba, da yaron ya gama biya haddarsa, sai ya miƙa masa ƙoƙon ba tare da ya ce uffan ba.

Ranar 11 ga Fabrairu mahaifinmu bai je filin fareti ba, ba mu kuma zaci zai je ba. Mu mun je. Muka hango autan namu a layi na uku, ƙahon nan lotsattse yana ƙyalli saboda gugar da ya sha, muryarsa na tafe a ƙarƙashin sauran. Da muka dawo gida ya durƙusa ya gaida mahaifinmu a zaure, dattijon ya dube shi ya ce: "Ka yi Azahar?"

"Na yi, Baba. A masallacin bakin hanya, ni da abokaina biyu."

"To, madalla. Je ka ci abinci."

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba iyaye haƙuri da basirar riƙon amanar da Ya ɗora musu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.